Shekarar da Teta Zofka Ta Ƙi Buɗe Amya

Daga Ubangiji rai yake fitowa, gare shi kuma yake komawa idan ya gama aikin da aka aiko shi. Da hantsin ranar Alhamis, sha uku ga watan Fabrairun nan, ƙararrawar cocin Zalipje ta yi bugun nan mai nauyi da jinkiri wanda ba a tambayar ma'anarsa, sai dai a tambayi sunan wanda ya tafi. Sunan da aka faɗa naki ne: Zofka Pirnat, tsohuwar malamar firamare, wadda ta kafa ƙungiyar yara masu kiwon zuma ta ƙauyenmu, ta kuma riƙe ragamarta fiye da shekara talatin. Kin cika a gidanki, 'yarki Mojca tana riƙe da hannunki, bayan jinyar da kika ɓoye mana tsananinta har kusan ƙarshe. Ba ki haɗa jini da yawancinmu ba, amma babu wanda ya taɓa kiranki da wani suna in ba Teta ba, kamar ke ce ƙanwar uwar kowane yaro a kwarin nan.

A bakin kabari an yabi haƙurinki, an ambaci biskit ɗin zuman da ba ya yankewa a aljihun rigarki, an tuna yaran da kika koya wa karatu a teburin kicin ɗinki ba tare da iyayensu sun roƙa ba. Duk wannan gaskiya ne, amma ni ina ganin an tauye ki. Ni Tilen Debevec, wanda ya shiga ƙungiyarki yana ɗan shekara goma, ya kuma kammala digirinsa na tattalin arzikin noma a Ljubljana bara, ina faɗa da babbar murya, ba tare da neman afuwar kowa ba: ba kyakkyawar tsohuwa kawai muka binne ba. Mun binne mai falsafa, mai manhaja, mai nazariyyar tarbiyya wadda ta gina ta da hannunta, ta kuma yarda ta ɗora ta a kan mizani a shekararta ta ƙarshe, alhali ta san abin da za ta rasa idan ta faɗi. Abin da za ta rasa kuwa shi ne ƙungiyar kanta. Kin rufe ido ba ki san hukuncin ba. Don in kawo miki shi na ɗauki alƙalami.

Amma sai na fara da manhajar, don wanda bai zauna a rumfarki ba ya fahimci abin da aka yi caca da shi. Kowane yaro a ƙungiya yana da amyarsa a cikin jerin amyoyin rumfar, fuskokinsu masu launi suna kallon rana, ƙofofinsu na baya suna buɗewa ta cikin ɗaki kamar kabad. A farkon Afrilu, yaro zai tsaya a gaban 'yan'uwansa ya faɗi burinsa na shekara da bakinsa, sannan ya rubuta shi da alli a cikin ƙofar amyarsa, inda idonsa zai faɗa a kai duk lokacin da ya buɗe. A jikin ƙofar kuma akwai kati mai gida uku: abin da na gani, abin da na yi, abin da zan yi. Ba a rufe amya sai an cike su. Shekara a wurinki ba ta ƙarewa ranar tatsar zuma, domin a cewarki kowane raggo yana iya yin murmushi a gaban kwalbar zuma. Tana ƙarewa ne a ranar farko mai ɗumi bayan hunturu, ranar da ƙudan da suka rayu suke fitowa su sha iska. A ranar ake yanke hukunci a kan kowane buri, kuma ba mai burin ke yankewa ba. 'Yan'uwansa ne ke duba katinsa su ce ya cimma ko bai cimma ba.

Ina tuna burina na farko. Na miƙe na ce zan tara zuman da ya fi na kowa a kwarin nan. Kika dube ni ta saman tabarau, kika tambaye ni ko ruwan sama a aljihuna yake, ko kuwa ni ne ke buɗe furen itacen lipa kowace shekara. Kika ce buri ba ya zama buri sai yana hannun mai shi, abin da ke hannun sama addu'a ce, kuma akwai ginin da aka tanada don ita a tsakiyar gari. Na koma na zauna, na sake tashi na ce zan iya gano sarauniyar amyata da idona ba tare da an nuna mini ba. Kika ce wannan ya shiga. Da na girma na fara son manyan kalmomi, ba ki taɓa hana ni ba. Kina ma jin daɗinsu, kina sa ni in maimaita miki su kina ɗanɗanawa kamar alewa. Sharaɗinki ɗaya ne, wanda kika faɗa mini wata shekara da na tashi rubuta jimla mai tsawon igiya: "Tilen, kalmominka suna da kyau, amma ƙofar amya ba ta kai faɗin bakinka ba. Rage su su shiga." A wannan ƙofar na koyi taƙaita hujja, kuma da ita na kare kundin digirina a gaban malamai, kina zaune a layin baya da jakarki a cinya kina gyaɗa kai.

Ke ma ba ki ware kanki daga ƙa'idar ba. Kowace shekara, bayan ƙaramin yaro ya gama, sai ki miƙe ki faɗi naki burin, yara su yanke miki hukunci kamar kowa. Akwai shekarar da suka kayar da ke a kan alkawarin daina katse su idan suna magana, kika karɓa kina dariya.

Sai Afrilun bara. A lokacin likita ya riga ya gaya miki abin da ya gaya miki, mu ba mu sani ba. Wanda ya sani shi ne Stane Oblak, abokin karatunki tun kuna yara, wanda rumfar ƙungiya take tsaye a gefen gonarsa ta tuffa, mutumin da ya fi kowa amyoyi a Zalipje, ya kuma fi kowa magana. Makaranta ba ta yarda yara su taru a rumfa ba tare da babba a wurin ba, kuma babu wani babban da ya rage sai shi. Shi kuwa ra'ayinsa a fili yake: ƙungiya Zofka ce, ranar da babu Zofka babu ƙungiya, yara kuma ado ne kawai a bayanta. Ya ce ranar da kika kasa, zai kwashe amyoyin ya haɗa da nasa don kada ƙudan su halaka a hannun 'yan wasa, ya mayar da rumfar ma'ajiyar akwatunan tuffa. Bai faɗa da mugunta ba. Tausayin ƙudan yake ji, kuma ya yi imani da abin da ya faɗa.

Shi da kansa ya ba ni labarin yadda kuka yi. Ya ce kin bar shi ya gama, abin da ya ɗauki lokaci, sannan kika ce masa: "Stane, rediyon gari, kashe na'urar ka saurara. Bana ba zan buɗe amya ko ɗaya ba, ba kuma zan gaya wa yaro abin da zai yi ba. In hunturu ya wuce akasarin amyoyin nan suka fito da rai, za ka zauna a bencina ka zama babbansu, ka kuma rufe bakinka. In ba su fito ba, kwashe." Ya ce ya yi dariya har ya tari, ya gaya miki cewa ke da kika shekara arba'in kina gyara wa mutane rubutu ba za ki iya kallon kuskure ki yi shiru na mako guda ba. Kika ce ai shi ya sa ya zama buri. Kuka yi musabaha a kan shingen gona. Washegari kika faɗi burin a gaban yara, kika rubuta shi da alli a ƙofar rumfa, tun da ke ba ki da amya a jerin. Abu ɗaya kika bar wa kanki izinin faɗa, shi ne tambaya: me katinka ya ce?

Na dawo gida a Yuli da takardar digirina, na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Kina zaune a benci a bakin rumfa, kin rame, hular rana ta yi miki yawa, yara suna kaiwa da komowa da tukunyar hayaƙi, ke kuwa ba ki motsa. Ni ma kika ɗaure ni da ƙa'idar tun kafin in ajiye jaka. Na ga Tinkara Hribar, babbarsu, 'yar shekara sha huɗu, ta zo miki a ruɗe tana cewa amyarta ta yi sanyi, ƙudan sun rage ƙwazo. Kika yi mata tambayarki. Ta koma ta karanta katinta, ta ga ziyara biyu a jere ta rubuta cewa ba ta ga ƙwai ba, ta gane da kanta cewa sarauniya ta mutu. Ta ari saƙar zuma mai ƙwai daga amyar ƙawarta, ƙudan suka reni sabuwa. Ba ki ce mata madalla ba. Kin dai miƙa mata biskit biyu maimakon ɗaya, kuma duk rumfar ta san fassarar hakan.

Jarrabawa ta haƙiƙa ta zo a Agusta. Bara daji ya yi zuma irin wanda ba ya zuwa kowace shekara, baƙin zuman nan mai kauri da ƙudan ke kwasowa daga jikin dogayen itatuwa ba daga fure ba. Amyoyi suka cika maƙil. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san ba a barin ƙudan su shiga hunturu a kan wannan zuman. Yana yi musu nauyi a ciki, ga sanyi ya hana su fita su sauke, sai ciwo ya cinye su a cikin amya. Ana tatse shi ne a ba su ruwan sukari a madadinsa. Tinkara ba ta taɓa ganin irin wannan shekarar ba, amma ta sauko da akwatin tsofaffin katuna na waɗanda suka riga ta, ta nemi shekarar da daji ya yi haka, ta karanta abin da suka gani da abin da suka yi. Ta tara yara ta gaya musu. Suka tatse, suka dafa ruwan sukari.

Ban da Lovro Jereb. Lovro ɗan shekara sha ɗaya ne, shekararsa ta biyu ke nan a ƙungiya, yaro mai taurin kai da taushin zuciya. Burinsa a ƙofar amya shi ne ba zai ɗauki daga ƙudansa abin da suke bukata ba. Ya ce su suka sha wahalar tara zumansu, ba zai ƙwace ya ba su sukarin kanti ba, kuma Tinkara ba uwarsa ba ce. Tinkara ta ce masa ƙaramin jaki, ya ce mata shugabar ƙasa. Ya juyo wurinki yana neman ki goyi bayansa. Ina tsaye ina kallon fuskarki. Kika tambaye shi me katinsa ya ce. Ya duba, ya ce katinsa bai ce komai a kan wannan ba. Kika yi shiru. Ya cike gidaje ukun katinsa da hannu mai kyau, ya rufe amyarsa a kan baƙin zuman, ya tafi gida yana fito.

Da yamma na raka ki gida, kina dafe da hannuna a kan hanyar coci, na yi miki gardama da duk ilimin da na kwaso daga birni. Na ce wannan tsattsauran ra'ayi ne, na ce ƙa'ida an yi ta ne don maslaha, kuma kalma ɗaya daga bakinki za ta ceci dubban rayuka da zuciyar yaro, ta kuma ƙara miki amya guda a lissafinki da Stane. Har yau ina ganin hujjata tana da ƙarfi. Kika tsaya kika huta, na ga idonki ya kawo ruwa. Kika ce kin san kowace ƙwayar ƙudan da ke cikin amyar nan ta mutu tun yau, kuma ba za ki yi barci mai daɗi a kansu ba. Sannan kika ce: "In na faɗa masa, zai koyi cewa in an rasa mafita a tambayi Teta. Baɗi in ya juyo, wa zai gani a bencin?" A wannan tambayar na fahimci cewa ba lafiya gare ki ba. Kika ci gaba da tafiya.

Stane bai yi shiru irin nawa ba. Da labari ya kai masa, ya zo har ƙofar gidanki yana cewa wannan ba tarbiyya ba ce, kisan kai ne da alli. Ya rantse zai je ya tatse amyar da kansa. Kika leƙo ta taga kika gaya masa cewa in ya taɓa ta ya karya musabaha, kuma duk Zalipje za ta ji cewa hannun Oblak ba ya riƙe magana. Ya tafi yana zage-zage a cikin tuffansa, amma bai taɓa ba. Ina shaida masa da wannan.

Hunturun bana ya yi tsawo, ya yi tsanani. Tun daga Disamba ba ki sake fita ba. Yara sukan je rumfa su kara kunne a jikin amyoyi su saurari gurnanin da ke nuna akwai rai, su rubuta, su biyo ta gidanki su karanta miki. Mojca ta ce kina saurare ido a rufe, ba ki taɓa cewa ko uffan a kan abin da ya kamata su yi ba, ko da zazzaɓi ya sa kina kiran sunan mahaifiyarki. Kunne kuwa ba hukunci ba ne, domin amya tana iya gurnani a Janairu ta yi shiru a Fabrairu. Kullum tambayarki ga Mojca ita ce ko rana ta fito. Ba ta fito ba. Muka binne ki dusar ƙanƙara tana sauka a kan akwatin.

Ga abin da na zo gaya miki. A makon da ya biyo bayan jana'izarki iska ta juya daga kudu, rana ta buɗe da tsakar rana, ƙanƙarar rufin rumfa ta fara ɗiga. Tinkara ta bi gida-gida ta tara yara. Ni ma na je, Stane kuma ya tsaya can a bakin shinge yana yi kamar reshen tuffa yake dubawa. Muka jira. Daga amya mai shuɗiyar fuska ƙwayar ƙudan zuma ɗaya ta leƙo, ta tashi, wata ta bi ta. Kafin wani lokaci iskar gaban rumfa ta cika da su, farar ƙanƙara ta yi ɗige-ɗigen rawaya na kashinsu ko'ina, alamar da mai kiwon zuma ya fi son gani a kan duk wani fure. Amyoyi biyu ne ba su motsa ba. Ɗaya tun kaka take da rauni, kuma mai ita ta rubuta hakan tun lokacin. Ɗayar ta Lovro ce.

Ya buɗe ta da kansa. Ba zan kwatanta miki abin da ke ciki ba, kin riga kin gan shi tun Agusta. Ya daɗe a tsaye, ya yi kukan da ba ya son a gani, babu wanda ya je kusa da shi. Sannan ya ciro katinsa. A gidan farko ya rubuta abin da ya gani, bai rage komai ba. A na biyu ya rubuta cewa shi ne ya bar musu baƙin zuman bayan an gaya masa. A na uku ya rubuta cewa duk abin da bai samu a katinsa ba, zai nema a katin waɗanda suka riga shi kafin ya rufe ƙofa. 'Yan'uwansa suka yanke masa cewa bai cimma burinsa ba, ya ce ya sani. Tinkara ta ce za ta raba amyarta biyu a Mayu ta ba shi rabi, in ya daina ce mata shugabar ƙasa. Ya ce zai duba.

Daga nan suka juya ga ƙofar rumfa, inda allinki yake. Ba su yi miki sassauci don kin mutu ba. Sun tambayi juna ko akwai wanda kika taɓa gaya wa abin da zai yi, ko da a ɓoye, ko da da ido. Wata ƙarama ta ce kin taɓa yin tari lokacin da ta kusa sakin saƙa. Aka yi muhawara a kai da gaske, aka yanke cewa tarin ciwo ne ba na ishara ba. Suka kira Lovro ya faɗi ra'ayinsa, tun da shi ne ya fi kowa biyan farashin shirunki. Ya ce da kin yi magana da ƙudansa suna nan, kuma bai gama jin haushinki ba, amma ba ki yi ba, don haka kin cimma. Shi ya rubuta kalmar a ƙarƙashin rubutunki.

Stane ya tsallako shinge. Ya bi jerin amyoyin ɗaya bayan ɗaya yana kallon ƙofofin shiga, ya buɗe baki a gaban wata zai yi gyara, ya tuna, ya rufe. Ya share ruwan ƙanƙara daga bencin da hularsa ya zauna. Ya ce wa yaran ranar Asabar ta farkon Afrilu kowa ya zo da burinsa a shirye, shi ma zai zo da nasa, kuma kada wanda ya kuskura ya yi masa dariya in ya ji shi. Ƙungiyarki tana nan, Teta.

Ubangiji Mai jinƙai, ka karɓi baiwarka Zofka, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutu madawwami, haskenka da ba ya dushewa ya haskaka mata. Ka saka mata da alheri a kan kowane yaro da ta koya wa duban aikinsa da idon gaskiya, da kuma shirun da ta ɗauka wanda ya fi mata magana nauyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mojca da mijinta da 'ya'yansu, ga dangin Pirnat na nan da na nesa, ga Stane Oblak wanda ya rasa abokiyar gardamarsa ta shekara sittin, da kuma yaran rumfa, na jiya da na yau. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sada mu da ita cikin salama. Amin.

Tilen Debevec
Zalipje